Yadda Masu Dubiya Suka Shanye Maganin Malam Iliasu

Sunansa Iliasu. Da yana raye bakina ba zai iya faɗin sunan nan ba, Malam nake ce masa. Yanzu kuwa zan faɗa, don na gaji da jin mutanen Zongo ta Kumasi suna ba da labarinsa ta inda ya yi musu daɗi. Ni ce Ajara, matarsa, mai sayar da koko a bakin tashar lori. Abin da zan gaya muku ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi.

Daga ƙasar Sakkwato ya zo yana saurayi, a ƙafa, bayan shanun wani bafatake. Shanun suka ƙare a mahauta, bafataken ya koma gida, shi kuwa Kumasi ta riƙe shi. Ya shiga rumfar goro ta Alhaji Brimah, babban dillalin unguwarmu, kuma a nan ya tsufa. Aikinsa ɗaurin goro. Mata su wanke su tsince, shi ya shimfiɗa ganye a kwando, ya jera goron, ya yayyafa ruwa, ya rufe, ya ɗaure da igiya. Kwandon da ya ɗaure yana iya kaiwa Kano ba ɗaya da ya bushe. Fatake har tambaya suke yi, ɗaurin wa ne, kafin su taya.

To amma mai ɗaurin goro ba ya ɗaure abin da bai ɗanɗana ba. Daga ya idar da sallar asuba goro ne a bakinsa, kuma goro yana kashe yunwa. Sai azahar ta wuce bai sa komai a cikinsa ba. Ni da nake ciyar da rabin tasha da koko, mijina bai san ɗanɗanon kokona da safe ba. Shekara da shekaru haka.

Sai kuma halinsa. Kai, halin nan! Kalmar "babu" ba ta cikin bakin Malam. Fitilarmu ta fi kwana a ɗakunan mutane. Butarsa ta sallah kullum nemanta muke yi. Wata babbar salla ya ara wa wani baƙo takalmansa, shi ya tafi idi ƙafa a ƙasa yana murmushi. Na yi faɗa har na gaji, daga baya na riƙa ɓoye abin da ba na so ya bar gida. Mun haifi 'ya ɗaya, Alima, kuma wallahi na sha yi masa tsiya cewa da za a zo aronta da ya miƙa.

Ciwon ya soma ne shekara guda kafin Gwalkwas ta koma Gana. Nan ƙasan ƙirji yake kama shi, ya ce kamar an ajiye masa garwashi. In yunwa ta yi ya fi tsanani, in ya ci ɗan abu sai ya lafa. Maimakon ya ci abincin, sai ya ɗauko jar kanwa ya lasa, ya yi gyatsa, ya ce alhamdu lillahi ya warke. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ran da na ga ya yi amai a bakin kwata da jini a ciki, ban tsaya neman shawararsa ba. Na ɗauki mayafina, na ɗauki kwalba wankakkiya, don a lokacin kai ke zuwa da kwalbarka, na sa shi gaba zuwa ɗakin magani da ke hanyar Adum.

Likita ya danna cikin nan, ya yi tambayoyi, ya ce gyambo ne a ciki. Ya tura mu tagar mai ba da magani, wanda kowa ke kira Dispensa. Wani gajeren mutumin Asante ne mai tabarau, kuma Allah ya saka masa da alheri, bai yi mana gaggawa ba ko da yake layi ya kai bakin titi. Malam ba ya jin yaren Asante sai na cinikin goro. Ni kuwa a nan aka haife ni, saboda haka Dispensa na faɗa ina juyawa.

Ya cika kwalbar da wani farin magani mai kauri. Ya kira ni Maame, wato uwa da yarensu, ya ce, "Gaya masa. A cikin kowane mutum akwai ruwa mai tsami da ke narka abinci. Shi nasa ruwan yana zuba ne a kan gyambo, shi ya sa yake jin wuta. Wannan magani yana kashe tsamin, gyambon ya sami sararin warkewa. Ba sha ɗaya yake aiki ba. Cokali ɗaya bayan kowane abinci, kullum, ko yana jin ciwo ko ba ya ji."

Ya manna wata 'yar takarda a jikin kwalbar, ya yayyanka gefenta da almakashi, ya nuna mana inda maganin ya kamata ya kai kowace rana. Sannan ya shiga sauran bayanin. Kada cikinsa ya zauna babu komai, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan. Madara, tuwo mai laushi, koko ba barkono ba citta. Ya bar kanwa, don sauƙinta na ɗan lokaci ne, ciwon ya dawo da ƙarfi. Kada ya kuskura ya sha ƙwayar ciwon kai, tana ƙara tona gyambo. In ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, jini ne, mu zo a guje. Ya ce in aka kiyaye zai warke sarai. In ba a kiyaye ba sai wuƙa, kuma jikin nan da yake gani ba lalle ya ɗauki wuƙa ba.

Malam ya saurara da kai a sunkuye. Da aka zo kan goro sai ya ɗago. Ya ce, "Ajara, ce masa na gode. Amma ko ɓari ɗaya?"

Ban ma juya ba Dispensa ya gane. Ya buga tagar da yatsa ya ce, "Daabi!" Wannan kam Malam ya ji, a'a ke nan.

Kwanakin farko sai hamdala. Alhaji Brimah ya ba shi hutu. Na riƙa dama masa kokonsa daban, ina sayo nono wurin Fulani ina tafasawa. Ya soma barci, fuskarsa ta soma cikowa. Har ya ce mini ashe kokona da daɗi. Na ce sannu, yau ka sani?

Sai labari ya bazu cewa Malam Iliasu ba shi da lafiya, masu dubiya suka soma zuwa. Ku da kuka san Zongo kun san ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Kuma mene ne a hannun ɗan Zongo in ba goro ba? Mutum ya zauna a baranda, ya yi sannu, ya yi addu'a, ya zaro goro ya ɓara, ya miƙa wa Malam ɓari. In ka ƙi karɓa ka ce masa kana riƙe da shi a zuciya ke nan, ko kana zargin ya sa maka wani abu. Malam ya karɓa. In ya karɓa kuma mai shi na kallonsa, sai ya gatsa. Na ce wa mutanen nan likita ya hana. Suka ce, "Haba, goro kuma? Ai goro magani ne." In sun tafi na ce ya buɗe baki, haƙoransa jawur, yana ta kawar da kai.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar masifar tare da Moro ta shigo.

Moro direban lorin goro ne, shi ke kai kayan Alhaji Brimah arewa. Ƙato ne mai fara'a, mai son Malam ƙwarai, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zo dubiya yana dafe da ciki, ya ce shi ma hanya ta lalata masa ciki, ƙwannafi ya hana shi sakat. Idonsa ya faɗa kan kwalbar a bakin taga. Ya ce, "Malam, mene ne wannan kamar nono?" Ina kicin ina jin su. Kafin in ajiye ludayi Malam ya riga ya ce bismilla. Ba cokali ba komai, Moro ya kafa baki ya yi maƙwarwa biyu. Can ya yi gyatsa, ya ce, "Allahu akbar! Kamar an zuba mini ruwan randa."

Washegari ya dawo da direbobi biyu. Jibi wani mahauci. Sai wani makaniki daga unguwar Suame wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, wai shi ma ya zo dubiya. Dubiyar wa? Bai ma san sunan mara lafiyan ba! Wani ya zo da ƙoƙo, wai matarsa mai ciki ce ke ƙwannafi. Alhaji Brimah da kansa, mai gidan sama, ya aiko da kofin shayi a ɗan zuba masa. Har suna suka raɗa wa maganin, wai nonon Iliasu. Su kawo masa abin da ke ƙara masa ciwo, su shanye abin da ke warkar da shi, su shafa fatiha su tafi. Kwalbar da aka ce ta kai mu tsakiyar wata, Juma'a ba ta zagayo ba ta ƙare.

Na koma wurin Dispensa. Da ya ga kwalbar ya zabura, yana tsammani Malam ne ya shanye. Na gaya masa gaskiya. Mutumin nan ya cire tabarau ya dafe kai. Ya ce, "Maame, kwalba ɗaya ciki ɗaya. Ba kowane ciwon ciki ne iri ɗaya ba. Wani tsutsa ce, wani hanta, wani abin da ya fi haka, maganin nan ya rufe masa ciwon har ya yi nisa. Ki ce su zo a duba su, ƙofar nan a buɗe take." Ya sake cika mini, ya ce in tsaya a kan mijina da kyau.

Na dawo na same su cike da baranda. Na faɗa musu saƙon Dispensa, da ladabi, har da durƙusawa. Moro ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce, "Mma Ajara, ni in je in bi layi da mata masu goyo? Su danna ni su ce za su yanka? Ai ga namu likitan nan a gida." Duk suka yi dariya, har da Malam.

To, na ɓoye kwalbar cikin buhun gerona. Ni ke zuba masa a cokali, ni ke mayarwa. Amma dole in fita tallar koko da safe, kuma su ma sun gane haka, sai suka mai da dubiyarsu ta hantsi. Kullum na dawo na duba, maganin yana daidai kan yankan takarda, sai hankalina ya kwanta. Amma ciwon ya dawo. Malam ya koma naɗewa a tabarma. Wata rana na zuba a cokali na ga abin ya tsinke, tsararo, har ina hango gindin cokalin. Ashe ya gano maɓoyar. Yana ba su, yana cika kwalbar da ruwa har kan yankan don kada in gane.

Ranar na yi kuka don takaici. Na ce, "Malam, ruwa kake sha fa! Ruwan famfo!"

Ya ce, "Ajara, mutum ya shigo yana murƙususu, abin da zai ba shi sauƙi yana cikin ɗakina. In dube shi in ce babu? Da wane baki?"

Na ce, "Da bakin da kake aman jini da shi."

Ya gyara kwanciya a tabarma. Can ya ce, "Ke ba ki yi baƙunci ba. Ni da na zo garin nan ba ni da ko tabarma. Mutanen nan su suka ba ni wurin kwana."

Na ce wurin kwana suka ba ka, ba su ce ka biya da ranka ba. Ya juya fuska bango.

Na sake komawa ɗakin magani, kunya kamar ta kashe ni, na samo kwalba ta uku. Na ajiye tallar koko. Na ɗauko kujera na zauna a ƙofar ɗaki, kwalbar a cikin zanena. Da hantsi sai ga Moro, ya dawo daga tafiya, da goronsa a hannu. Ya gaishe ni, ya leƙa ya gai da Malam, sannan ya ce, "Mma Ajara, a ɗan taimaka da nonon nan."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Moro, ba ka da kunya? Dubi ƙirjinka, dubi nasa! Kai da kake cinye kwanon tuwo biyu, ka zo kana lashe maganin mutumin da ke mutuwa? Kana da ƙafar zuwa har Bawku can arewa amma ba ka da ta zuwa Adum? Fita mini daga gida, kai da goronka!" Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Gidan haya ne, kowa ya fito yana kallo. Moro ya tsaya baki buɗe, ya ajiye goron a ƙasa, ya juya ya fita.

Kafin la'asar duk Zongo ta ji. Me aka ji? Ba a ji cewa ana kashe Iliasu ba. An ji cewa Ajara ta kori baƙon mijinta, ta zubar masa da mutunci. Tsofaffin mata suka zo suka kewaye ni, wai mace ba ta ɗaga murya a kan baƙo, wai rowa ba kyau, wai ciwo da sauƙi duk na Allah ne. Suka ja ni ɗakin wata maƙwabciya suna yi mini nasiha. Da zan shiga na ajiye kwalbar ƙarƙashin matashi. Da na fito babu Malam, babu babbar rigarsa, babu kwalba.

Ya dawo dab da magariba yana jan ƙafa. Gidan Moro ya je ba da haƙuri, kuma ya bar masa kwalbar duka, wai don zuciyarsa ta huce. Ya ce mini cikin sanyin murya, "Kin ɓata, na gyara. Kada ki ƙara." Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa yi mini magana mai zafin wannan ba.

Lokacin kakar goro ne, kwanduna sun taru a rumfa. Alhaji Brimah ya aiko cewa tunda Malam ya iya takawa har gidan Moro, ai ya ji sauƙi, ya zo ya taimaka. Kuna tsammani ya ce a'a? Ya tafi. Ni kuma ina ta neman fuskar da zan koma wa Dispensa da ita karo na huɗu. Na riƙa tambayarsa bayan gidansa, yana cewa lafiya lau. Masai ɗaya ne a unguwar, na kowa da kowa, ta ina zan gani?

Wata safiya ina tasha aka zo aka ce Malam ya faɗi a kan kwando. Na bar tukunyata a buɗe na ruga. Na same shi kwance kan ganyen goro, leɓunansa fari fat, gaban rigarsa duk jini. A lorin Moro aka ɗauke shi zuwa babban asibiti. Muna cikin tafiya, kan Malam a cinyata, Moro yana tuƙi yana kuka, yana magana ta tagar baya. Ya ce, "Mma Ajara, ban gane ba. Ni fa ban karɓi kwalbar nan kyauta ba. Na ba shi ƙwayoyina na ciwon kai, masu ƙarfi, waɗanda muke sha a hanya. Na ce ya riƙa shan biyu-biyu in cikin ya motsa."

Na dai riƙe kan mijina kada ya bugu da katako.

A asibiti suka ce gyambon ya ɓalle, sai wuƙa, kuma yana bukatar jini. Masu dubiya sun biyo mu sun fi ashirin. Da ma'aikaciya ta fito ta ce wa zai ba da jini, sai wannan ya tuna bai yi sallar walha ba, wancan ya tuna ya bar shago a buɗe. Alhaji Brimah ya ce shi jininsa ya tsufa. Tir! Moro kaɗai ya naɗe hannun riga ya bi ta. Wannan ma ba zan hana masa ba.

Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, na gani da idona. Amma da suka fito da shi, fuskar babban cikinsu ta gaya mini komai. Suka bar ni na zauna kusa da gadon. Wajen la'asar Malam ya buɗe ido. Na jiƙa masa leɓe da ruwa. Na ga yana son magana, na kai kunnena bakinsa. Na ce a raina zai yi mini wasiyya a kan Alima, ko ya ce in yafe masa, ko ya aika gaisuwa Sakkwato.

Ya ce, "Ajara, ki gaya wa Moro ya riƙa girgiza kwalbar kafin ya sha. Farin yana kwanciya a ƙasa. Na manta ban faɗa masa ba."

Bai ƙara wata magana ba sai kalmar shahada. Na rufe masa ido, na ja zanen na lulluɓe shi.

Wannan shi ne mutumin da kuke cewa Allah ya ji ƙansa, bai taɓa hana kowa komai ba. Gaskiya ne, bai taɓa ba. Kuma a cikinku ba wanda ya taɓa cewa, Malam, bar shi, kai ka fi ni bukata.

Saƙon mamaci ba a riƙe shi. Na fito na tarar da Moro a tsugune jikin bango, da auduga manne a hannunsa. Na tsaya a kansa na faɗa masa kamar yadda aka aiko ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ɗago jajayen idanunsa ya dube ni.

Ya ce, "Mma Ajara, ai ta ƙare tun shekaranjiya."